Tsiron mahaifa da fargabar kansa: Tazarar da ke tsakanin Gobarau da sabuwar cibiyar Katsina

A watan Yulin 2025 ne Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya jagoranci buɗe sabuwar cibiyar kula da masu cutar kansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wanda har gobe mutanen gari suka fi sani da tsohon sunansa na FMC. Tana cikin guda uku da aka ƙaddamar a lokacin, sauran biyun a Inugu da Benin, daga cikin shida da Gwamnatin Tarayya ta ɗauki alkawarin samarwa tare da hukumar zuba jarin ƙasa ta NSIA. Kafin zuwanta, duk Bakatsinen da likita ya rubuta wa gashin kansa sai ya nufi Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, ya kama layi, yana addu'ar kada na'ura ta lalace kafin a zo kansa. Wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a wannan hanya ya san abin da aka sauke wa jama'a ba ƙarami ba ne.

Daga gindin hasumiyar Gobarau zuwa ƙofar wannan asibiti tafiyar 'yan mintoci ce a Keke Napep. Amma ga mace mai shekara 55 da ke cikin lungunan Gobarau ko Yarinci ko Masanawa, wadda al'ada ta ɗauke mata shekaru uku da suka wuce, sai ga ɗigon jini ya dawo, wannan gajeriyar tafiya takan ci watanni, wani lokaci ta haura shekara. Na'urar gashi tana jiran mara lafiya ne a ƙarshen hanya, ita kuwa matar tun a farkon hanyar ake yin asararta.

Tambayar da ake kaiwa makaranta kafin asibiti

A cikin birnin Katsina, mace idan ta ga jinin da bai zo mata a kan ƙa'ida ba, abin da ke fara faɗo mata a rai shi ne salla da azumi. Don haka malamar Islamiyya ko malamin zaure ne kan fara jin labarin, tun kafin miji, balle likita. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne a garin da hasumiyarsa ta ƙasa, mai tsayin kimanin mita 15, wadda tarihi ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ta kasance masallaci kuma makaranta tun ƙarnoni da dama. Littattafan da ake karantawa a zaurukan birnin, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Risala, sun yi wa mas'alar jini filla-filla. A mazhabar Malikiyya iyakar haila kwana 15 ce, abin da ya zarce ƙa'ida kuma istihala ne, mace ta yi wanka ta ci gaba da ibadarta. Malaman mazhabar sun kuma yi magana a kan jinin da ya zo wa wadda ta manyanta, suka ce daga shekara 50 a tambayi mata masana, daga 70 kuwa ba haila ba ne.

Amsar ta warware matsalar ibada, kuma iyakar abin da aka tambaya ke nan. Sai dai su kansu malaman fiƙihu jinin cuta suke kiran istihala. Tambayar da ta rage, wato wace cuta ce, ita ce ba a cika kaiwa ko'ina ba. Matar takan koma gida hankali kwance tunda an ce ta yi salla. In abin ya dame ta, sai maƙwabciya ta ce sanyi ne, a sayo mata jiƙo ko ƙwayoyi a kemis ɗin bakin titi. Kalmar "sanyi" ta zama buhun da ake zuba kowane ciwon mata a ciki, kuma masu tallar magani da lasifika a kasuwa sun san haka sarai. Wata kuma a ce mata al'ada ce ta dawo, har a yi mata barkwanci cewa ta koma yarinya. A ilimin likita kuwa, macen da ta cika wata 12 ba ta ga al'ada ba a shekarun manyanta, duk jinin da ta gani bayan nan, ko ɗigo ɗaya ne, ko sau ɗaya ne, abin bincike ne.

Mene ne tsiron, kuma nawa ne haɗarinsa?

Ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi samu idan an bincika shi ne tsiron cikin mahaifa, wanda likitoci ke kira folif. Shimfiɗar da ke lulluɓe cikin mahaifa, wadda ke kauri ta zube duk wata a matsayin al'ada, ita ce wani sashe nata kan yi girma fiye da kima ya tsiro kamar ɗan yatsa ko 'yar tsokar da ke reto. Wani bai wuce ƙwayar riɗi ba, wani yakan kai girman ƙwan kaza. Ya bambanta da ƙarin mahaifa da aka fi sani da faibroid, wanda shi daga tsokar bangon mahaifa yake fitowa, ko da yake a bakin jama'a duk "ƙari" ake ce musu. An fi ganinsa ga mata 'yan shekara 40 zuwa 50 da 'yan kai, kuma ƙiba da hawan jini suna ƙara yiwuwar samunsa. Alamarsa jini tsakanin al'ada da al'ada, ko al'ada mai yawa, ko jini bayan saduwa, ko jini bayan ɗaukewar al'ada. Ga matasa kuma yakan zo da jinkirin haihuwa. Da yawa ba su da wata alama, sai dai a ci karo da su a wajen sikanin.

Abin da ya kamata kowace mace ta riƙe shi ne mafi yawan irin wannan tsiro ba kansa ba ne. Idan aka haɗa binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, cikin kowane 100 da aka cire daga matan da ba su daina al'ada ba, ɗaya ko biyu ne ake samun kansa ko alamar farkonta a ciki. Ga waɗanda suka daina al'ada adadin yakan tashi zuwa wajen biyar cikin 100, ya kuma ɗan ƙaru idan akwai zubar jini. Shi ma jinin bayan ɗaukewar al'ada haka lissafinsa yake: wani babban nazari da aka wallafa a 2018 ya nuna kimanin mace tara cikin 100 masu wannan alama ne ake samu da kansar cikin mahaifa. Sauran 91 wani abu ne daban, galibi sirancewar shimfiɗar mahaifa saboda shekaru, ko tsiro mara illa. Amma nazarin ya nuna ɗaya fuskar: kusan tara cikin kowace mace 10 da aka samu da wannan kansa, jini ne ya fara yi musu ishara. Cuta ce da ke buga ƙofa da wuri, saɓanin kansar ƙwan mace da kan yi shiru har sai ta yi nisa.

Alƙaluman Amurka sun nuna abin da wannan wuri ke nufi. Idan aka gano kansar tana nan cikin mahaifa ba ta fita ba, kimanin 95 cikin 100 na matan suna raye bayan shekara biyar. Idan ta riga ta bazu zuwa sassan jiki masu nisa, adadin bai kai 20 ba.

Daga nan ake samun kuskure iri biyu da ke cin mata, kuma kishiyoyin juna ne. Akwai wadda ta raina jinin har ya yi mata illa. Akwai kuma wadda mai sikanin ya ce mata "an ga wani abu a mahaifa", ta ji kamar an karanta mata takardar mutuwa, ta ƙi komawa asibiti don kada a tabbatar mata, alhali mai yiwuwa aikin minti 20 ne zai raba ta da matsalar. Kalmar "daji" a kunnen Bahaushe tana da nauyin da kan hana tambaya ta biyu, kuma akwai tsohon zancen da ke yawo cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi da wuƙa sai ya bazu. Abin da ya haifi wannan zance a bayyane yake: masu zuwa asibiti a makare su ne ake yi wa aiki su rasu, sai a ɗora wa wuƙa laifin da jinkiri ya yi.

Kansa biyu, suna ɗaya

Wani ruɗanin kuma daga harshe yake. Duk faɗakarwar da aka yi a 'yan shekarun nan a rediyo da asibitoci a kan "kansar mahaifa", kusan dukkanta a kan kansar bakin mahaifa ce, wadda ƙwayar cutar HPV ke haddasawa. An yi hakan da dalili, domin ita ce ta biyu wajen kama matan Najeriya bayan kansar mama, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 ta kama mata kusan 12,000 a ƙasar nan, ta kashe kusan 8,000. A watan Oktoban 2023 Najeriya ta shigar da rigakafin HPV cikin alluran yau da kullum ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Katsina kuma ta shiga a zagaye na biyu a watan Mayun 2024.

Kansar cikin mahaifa cuta ce daban. Rigakafin HPV ba ya hana ta, gwajin bakin mahaifa da ake yi wa mata kuma ba don ita aka tsara shi ba. Mace za ta iya yin wannan gwaji a ce lafiya lau, alhali matsalar tana can ciki. Babu wani gwajin tantancewa da ake yi wa masu lafiya domin ita. Jinin nan shi ne gwajin. A duniya ta kama mata kimanin 420,000 a 2022, kuma tana ƙaruwa a duk inda ƙiba da ciwon suga ke ƙaruwa, saboda kitsen jiki yana samar da sinadarin estrojin da ke sa shimfiɗar mahaifa ta yi ta kauri ba tare da abin da zai taka mata burki ba.

A nan matan Katsina suna da wata kariya da ba su san da ita ba. Yawan haihuwa da doguwar shayarwa suna rage haɗarin wannan kansa, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna Katsina ce kan gaba a Najeriya, da matsakaicin haihuwa 7.3 ga kowace mace. Wannan na cikin dalilan da suka sa cutar ba ta kai ta bakin mahaifa yawa ba a Arewa. Sai dai rayuwar birni tana sauyawa. Matar da kakarta ke daka da surfe da ɗiban ruwa yau injin niƙa ne ke mata aikin, shinkafa da taliya da lemon kwalba sun shiga kowane gida, layin masu suga da hawan jini kuma kullum ƙara tsawo yake. Ga kuma matan da ba su taɓa haihuwa ba, da masu tsallaken al'ada na watanni tun ƙuruciya, waɗanda haɗarinsu ya fi na kowa, kuma su ne suka fi daɗewa a hannun masu magani suna neman haihuwa.

Inda hanyar ke tsinkewa

A ce matar ta daure ta je asibiti. Matakin farko sikanin ne, kuma wanda ake yi ta gaba ya fi na kan ciki nuna shimfiɗar mahaifa nesa ba kusa ba. Mata da yawa ba sa yarda da shi idan namiji ne zai yi, wuraren sikanin na kasuwa kuma galibi na kan ciki suke yi, su miƙa takarda. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce idan kaurin shimfiɗar bai wuce milimita 4 ba ga wadda ta daina al'ada, haɗarin kaɗan ne. To amma a 2021 wata likita a Jami'ar Washington, Kemi Doll, da abokan aikinta sun wallafa binciken da ya nuna wannan ma'auni yana kuskure kansa ga baƙaƙen mata fiye da farare ƙwarai, saboda yawan faibroid da ke kare hoton, da kuma wani nau'in kansa mai zafi da ba lallai ya sa shimfiɗar ta yi kauri ba. A Amurka aka yi binciken, amma darasinsa ya fi shafar inda kusan duk mace baƙa ce kuma faibroid ya zama ruwan dare. Takardar sikanin mai cewa komai daidai ba ta isa sallamar macen da jini bai tsaya mata ba.

Mataki na biyu shi ne a ɗebo ɗan nama daga cikin mahaifa a kai ɗakin gwaji. Akwai siririn bututun roba da ake yin wannan da shi a ɗakin ganin likita cikin 'yan mintoci, ba tare da an sa mace barci ba. Abin da aka fi sabawa da shi a nan shi ne wankin ciki, wanda likita ke yi ba tare da yana ganin abin da yake kankarewa ba, don haka sau da yawa yakan tsallake tsiron ya bar shi a inda yake. Hanyar da duniya ta amince da ita yanzu ita ce na'urar leƙa cikin mahaifa, wato histaroskop: siririyar kyamara da ake shigarwa ta bakin mahaifa, likita ya ga tsiron da idonsa, ya yanke shi daga tushe, mace ta koma gida a ranar, ba a tsaga ciki ba. Na'urar ba ta kai ko kusa da kuɗin injin gashi ba, amma a Arewa an fi samunta a manyan asibitocin koyarwa da asibitocin kuɗi masu harkar neman haihuwa. Jihar da ke da ƙananan hukumomi 34 tana buƙatar ta a manyan asibitocin Funtuwa da Daura da Malumfashi da Dutsin-ma, da likitocin da aka horar a kanta.

Sai mataki na uku, wanda aka fi yin sakaci da shi. Duk naman da aka ciro dole ne ya je gaban likitan binciken nama, domin ido ba ya bambance tsiro mai lafiya da mai cuta. A aikace, sau da yawa 'yan'uwan mara lafiya ake miƙa wa kwalbar a ce su kai, su biya wani kuɗin daban. Jini ya tsaya, mara lafiya ta miƙe, aljihu ya riga ya huce, sai kwalbar ta ƙare a ƙarƙashin gado ko a binne ta a bayan gida. Biyar ɗin nan cikin 100 a nan suke ɓacewa, sai bayan shekara ɗaya ko biyu su dawo da cutar da ta nuna. Likitocin wannan fanni kuwa 'yan ƙalilan ne a ƙasar da shi kansa Minista Pate ya ce likitoci sama da 16,000 sun bar ta cikin shekaru biyar zuwa bakwai.

Zaɓin magani, da batun cire mahaifa

Ƙaramin tsiro da bai kai santimita ɗaya ba, ga matashiyar da ba ta da wata alama, ana iya sa masa ido, domin wasu kan ɓace da kansu. Wanda ke sa jini, ko aka gani ga wadda ta daina al'ada, ko ga mai neman haihuwa, cirewa ake yi. Wani gwaji da aka yi a Sifaniya aka wallafa a 2005 ya nuna cire tsiron ya ninka samun ciki ga matan da ake yi wa taimakon haihuwa. Tsiro yakan dawo wa wasu, kuma robar tsarin iyali ta cikin mahaifa mai ɗauke da sinadarin levonojestrel tana taimakawa wajen sirantar da shimfiɗar da rage jini.

Idan sakamako ya nuna kansa ce, babban maganinta tiyata: a cire mahaifa da bututunta da ƙwayayen. Ga da yawa waɗanda aka gano da wuri, shi ke nan an gama. Wasu a ƙara musu da gashi, waɗanda cutar ta yi nisa kuma a haɗa da kemo. Akwai sababbin magungunan ƙarfafa garkuwar jiki da aka amince da su a Amurka da Turai a 'yan shekarun nan, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin kusan kowane gida a Najeriya.

Cire mahaifa ba ƙaramar magana ba ce a gidan Bahaushe, ko ga wadda ta gama haihuwa. Akwai tsoron gorin kishiya da dangin miji, akwai zaton cewa zaman aure ya ƙare, wanda ba haka ba ne. Sa hannun miji kan ɗauki makonni ana shawara da 'yan'uwa. Ga matashiyar da ba ta haihu ba kuma aka gano cutar a matakin farko sosai, akwai hanyar jinkirta tiyata da maganin sinadarin frojestin, amma da sharaɗin a riƙa ɗibar nama ana dubawa duk bayan wata uku zuwa shida. Wannan zaɓi ne mai haɗari ga wadda ke zaune a Batsari ko Jibiya ko Faskari, inda rashin tsaro kan hana fitowa ranar da likita ya sa. Haka kuma bai dace a cire wa 'yar shekara 35 mahaifa saboda tsiron da ba a gwada ba, don kawai babu na'urar da za a cire shi shi kaɗai.

Kuɗi, da wani abin da cibiyar za ta haifar

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mara lafiya yake fitowa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, Katsina kuma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, amma dattijuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli ko ƙosai a cikin gida ba kasafai take cikin rajista ba. Asusun tallafa wa masu kansa da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 da kansa uku ya soma: ta mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Ta cikin mahaifa ba ta cikin jerin farko. Kuma ko da tana ciki, irin wannan tallafi sai an tabbatar da cuta yake fara aiki, alhali sikanin da ɗibar nama da gwajinsa, waɗanda su ne ke tabbatarwar, a kan mai jinya suke.

Akwai kuma wani abu da ya kamata masu tafiyar da sabuwar cibiyar su sa a lissafi. Yawancin matan da za su cika ta masu kansar mama ne, kuma da yawansu za a ɗora su a kan tamoksifen na shekara biyar ko fiye. Magani ne mai ceton rai, bai kamata kowa ta ajiye shi don tsoro ba, amma sananne ne cewa yana sa tsiro a mahaifa, yana kuma ninka haɗarin kansar cikinta sau biyu zuwa uku ga waɗanda suka daina al'ada. Ke nan duk nasarar da cibiyar ta samu a kan kansar mama za ta ƙara yawan matan da ke buƙatar a leƙa mahaifarsu.

Katsina ta taɓa fuskantar ciwon mata da kunya ta rufe, ta kuma ci nasara a kansa gwargwado. Tun a shekarun 1980 da likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke masu yoyon fitsari a Babbar Ruga, matan da suka warke su ne suka koma ƙauyukansu suka turo 'yan'uwansu, har wurin ya zama cibiyar ƙasa. Abin da ya jawo su shi ne aikin yana yi, kuma ba a korar mace don ba ta da kuɗi. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ce tana son kowace mazaɓa cikin 361 ta samu asibitin matakin farko mai aiki. Ma'aikaciyar da ke zaune a irin wannan asibiti tana auna hawan jinin dattawan mata kullum, kuma ba a koya mata ta ƙara da tambayar ko sun ga jini bayan al'ada ta ɗauke ba. Malamar Islamiyya da ke karantar da babin haila a Gobarau ita ma tana da ɗalibai 'yan shekara 50 da 60 a gabanta kowane mako, kuma ita ake fara kawo wa tambayar.